Yadda ake girmama haruffan baƙin allo a Linux

Duk wanda ya sayi laftof mai allon 4K a shagunan titin Ahmadu Bello ya ɗora mata Linux, ranar da ya danna Ctrl+Alt+F3 ya shiga baƙin allo, wato allon rubutu zalla da ake buga umarni a ciki, zai ga rubutu kamar jerin kiyashi. Allon lafiyarsa ƙalau. Harafin da Linux ke tashi da shi ɗigo 8 ne a faɗi, 16 a tsayi. A allo mai ɗigo 3840 da 2160, layi guda zai ɗauki harafi 480, layuka kuma 135. In allon inci 15.6 ne, tsayin layin bai kai milimita ɗaya da rabi ba.

Baƙin allo ba ya miƙa harafi ya girma, kowane girma da fayil ɗinsa, irin wanda ake kira PSF. Salon harafin Terminus ya fi dacewa, musamman mai girman 16x32: layuka su koma 67, kowanne harafi 240, sifili kuma ba ya rikicewa da O.

A Linux nau'in Debian ko Ubuntu, buga `sudo dpkg-reconfigure console-setup`, ka zaɓi UTF-8, sai Terminus, sai 16x32. A nau'in Arch, saka `terminus-font`, ka fara gwadawa da `setfont ter-v32n`, ko `ter-v32b` in kana son mai kauri. Sai ya kwanta maka a ido za ka rubuta `FONT=ter-v32n` a `/etc/vconsole.conf`. Kada ka gwada daga cikin tagar umarni ta tebur (desktop). Umarnin `setfont` a ainihin baƙin allo yake aiki.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne harafin ya tashi da girma, can kuma ya sake tsukewa, saboda direban hoto ya karɓi allon bayan an riga an ɗora harafin. A Debian ko Ubuntu, sabunta initramfs, wato fayilolin da Linux ke fara lodawa lokacin tashi, da `sudo update-initramfs -u`. A Arch, ƙara `consolefont` cikin layin HOOKS na `/etc/mkinitcpio.conf` ka buga `mkinitcpio -P`. In kernel ɗinka, wato zuciyar Linux, na ɗauke da Terminus a cikinsa, `fbcon=font:TER16x32` a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, zai gyara abin tun daga farkon tashi. Darajar wannan tana fitowa ne ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, na'ura ta ƙi tashi, kana neman karanta abin da ya lalace.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin damuwa. Baƙin allo ba ya ɗaukar alamomi fiye da 512 daga fayil ɗin PSF, don haka ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sukan rasa gurbi, sai wata alama ta fito a madadinsu. Gwada da `echo ɓ ɗ ƙ ƴ` kafin ka amince da kowane salo. In ba su fito ba, saka fbterm, wani madadin baƙin allo wanda ke aiki da haruffan TrueType irin na tebur, ka tayar da shi da `fbterm -s 32`. Sai dai ka tabbata sunanka na cikin rukunin `video`, in ba haka ba zai ƙi buɗewa.