Yadda Ake Nazarin Tarihin Yaƙe-yaƙen Andalus

Duk mai son fahimtar gwabzawar da aka yi tsakanin masarautun Musulmi da na Kirista a Andalus, ya fara da ajiye taswirar Sifaniya da Fotugal a gabansa, ya gano inda kogunan Duwero da Taho da Wadil Kabir suke, domin iyakar ɓangarorin biyu ta riƙa gangarawa kudu ne daga wannan kogi zuwa wancan.

Daga nan sai ya raba zamanin kashi-kashi, kada ya ɗauke shi a matsayin yaƙi guda da aka yi ba hutawa daga 711 zuwa 1492. A 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetaro daga Magrib ya karya Rodarik, sarkin Kirista na Sifaniya, a 756 Abdurrahman Addakhil ya kafa mulkin Banu Umayya a Ƙurɗuba, a 929 Abdurrahman na Uku ya ayyana kansa halifa, a 1031 kuma halifancin ya rushe.

Abin da ya biyo bayan wannan rushewa shi ya fi cancantar a zauna a kansa. Ƙasar ta tarwatse zuwa ƙananan masarautu masu gaba da juna, har sarakunansu suka riƙa biyan sarakunan Kirista haraji na zinariya don su kare su daga maƙwabtansu Musulmi. Mai nazari ya bi sawun wannan kuɗi, domin da shi aka ƙarfafa rundunonin da suka ƙwace Toledo a 1085 ƙarƙashin jagorancin Alfonso na Shida, sarkin Kastil, ɗaya daga masarautun Kirista. Faɗuwar Toledo ce ta sa aka nemi agajin Yusuf bin Tashfin, shugaban daular Murabiɗun ta Magrib, ya yi nasara a Zallaƙa a 1086, amma daga baya ya tuɓe waɗanda suka gayyato shi, ya kai Mu'utamid na Ishbiliya gudun dole a Agmat da ke Maroko.

A kowane yaƙi ya tambayi wanda ke tare da wa, kada ya ƙaddara cewa addini kaɗai ya raba sahu. El Sid, wanda Sifaniyawa ke ɗauka gwarzonsu, ya yi wa sarkin Musulmi na Saragosa aikin soja kafin ya mallaki Balansiya a 1094. Haka kuma bayan Muwahhidun, daular da ta gaji Murabiɗun, sun sha kashi a yaƙin Iƙab a 1212, kuma Ƙurɗuba ta faɗi a 1236, Ibnul Ahmar na Garnaɗa ya tura dakaru suka taya Fadinan na Uku, sarkin Kastil, ƙawanyar Ishbiliya, wadda ta faɗi a 1248. Da irin wannan mubaya'a Garnaɗa ta ƙara shekaru fiye da 200, ko da yake ba abin alfahari ba ne.

Sannan ya duba lokacin da aka rubuta kowane labari. Zancen cewa Ɗariƙu ya ƙone jiragensa bai bayyana a rubuce ba sai ƙarnoni bayan rasuwarsa, haka ma ƙoƙarin Pelayo, jagoran Kirista da ya yi wa Musulmi turjiya a Kobadonga, an kambama shi ne a tarihin da aka tsara a fadar Asturiyas a ƙarshen ƙarni na tara. Yawan sojoji da na matattu da marubutan ɓangarorin biyu ke kawowa, a karɓe shi da taka-tsantsan. Ya kuma lura da lissafin shekaru, domin littattafan Larabci suna bin Hijira, inda 92 ta yi daidai da 711, tsoffin takardun Sifaniya kuwa suna da nasu lissafin da ya ɗara Miladiyya da shekara 38.

Kada ya rufe littafi a ranar 2 ga Janairu 1492, sa'ad da Abu Abdullahi, sarkin Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, ya miƙa birnin ga Fadinan na Aragon da Isabela ta Kastil. Ya karanta sharuɗɗan yarjejeniyar 1491 da ta lamunce wa Musulmi addininsu da masallatansu, ya gwada su da dokar 1502 da ta tilasta wa na Kastil karɓar Kiristanci ko barin ƙasa, da korar zuriyarsu da Filib na Uku ya zartar daga 1609 zuwa 1614.