Yadda nake ajiye firaimar harsashi a gida

A 2020, lokacin da harsashi ya yi ɓatan dabo a shagunan Amurka, na fara ɗura nawa da hannuna a nan Ohio, don farautar barewa. Dokar nan ta yarda da hakan. Wanda ke gida Najeriya kuwa, wannan ba abin gwadawa ba ne, hukuma ba ta wasa da shi.

Firaima ita ce 'yar hular ƙarfen nan da ke gindin kwanson harsashi, ba ta kai ƙwayar wake ba. Allurar bindiga ta doke ta, ta yi tartsatsi, albarushi ya kama. An ƙera ta ne don ta tashi da duka ɗaya, shi ya sa ta fi albarushin kansa saurin fushi.

Kwalin farko da na saya na kamfanin CCI ne, mai guda 1,000, tire goma a ciki, kowane tire ɗari, kowace firaima a ɗan raminta. Sai na ga kwalayen sun cika mini wuri, na juye kusan ɗari uku a wata tsohuwar kwalbar zuma. Har girgiza ta na yi, ina jin ƙarar kamar caki. Dattijon maƙwabcina da ya koya mini aikin yana shigowa ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya sa na dire kwalbar a hankali a kan tawul, muka zauna muna mayar da su ɗaya bayan ɗaya cikin tire, fiye da rabin awa bai ce mini uffan ba. Daga baya ya yi mini bayani. Ɗaya idan ta fashe ita kaɗai, abin da sauƙi. Idan suna jingine da juna, ɗaya ta tashi duk sun tashi lokaci guda, gilashin kuma ya koma makami. Ramukan tiren nan aikinsu ke nan, raba su.

To, ka bar su a kwalinsu na kamfani. Ba kwalba, ba gwangwani, ba leda, ba aljihu. Tire ɗaya nake fitarwa in zan yi aiki, abin da ya rage ya koma raminsa kafin in tashi.

Ma'ajiyata akwatin katako ne mai kaurin inci ɗaya, da kwaɗo, makullin yana jikina saboda yara. Katako yana jinkirta zafi idan gobara ta tashi. Ba na sa su a sef ɗin ƙarfe na bindigogi, don ƙarfen da aka rufe ruf riƙe ƙarfin fashewa yake yi har ya tarwatse. Albarushi kuma akwatinsa daban, a ɗaya kusurwar ɗakin. Ba sa kwana tare.

Sai wuri. Gareji ba ya yi, da rani zafi kamar tanda, ga fetur da fenti da man injin yankan ciyawa. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi amma yana da laima, sai na ɗaga akwatin daga daɓe, na yi nesa da tukunyar dumama gida da allon wutar lantarki, na jefa 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima a ciki. Laima da mai suna lalata firaima, ka ja kunama ka ji shiru. Amma kada ka ɗauka wadda ta jiƙe ta mutu, tana iya bushewa ta tashi.

Ƙa'idar NFPA 495 ta ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wadda garuruwa da dama ke bi, ta tsayar da guda 10,000 a gidan zama. Ka tambayi ofishin kashe gobara na garinku, don wani wurin ya fi tsanani. Ni ban taɓa wuce dubu uku ba, me zan yi da su?

In ɗaya ta faɗi ƙasa, ka durƙusa ka nemo ta. Tsintsiya nake sawa, ban da injin zuƙe ƙura, don tana iya tashi a cikinsa. Tabaran kariya ba ya barin idona, ba a shan taba a ɗakin, bututun da ke zuba firaima kuma ina goge ƙurarsa a kai a kai, ita ma tana kamawa. Da na gama sai sabulu, saboda akwai dalma a sinadarin, ni kuwa da hannu nake cin tuwona.