Yadda ake koyon tafiya da na'urar robot bayan tiyatar canjin gwiwa

Mutumin da aka yi wa canjin gwiwa a asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko a Indiya ko Masar, idan ya dawo gida Gusau ko Ƙaura Namoda, abin da ya fi wahalar da shi shi ne tsokar gaban cinya. Ita ce ke miƙe gwiwa, ita ke riƙe mutum kada ya durƙushe idan ya taka. A watan farko bayan tiyata takan rasa rabin ƙarfinta ko fiye, domin kumburi da ciwo suna hana saƙon ƙwaƙwalwa isa gare ta sosai. Wannan giɓin ne na'urar robot da ake ɗaurawa a jiki take cikewa na ɗan lokaci.

Na'urorin iri-iri ne. HAL ta kamfanin Cyberdyne na Japan, wadda Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya ƙirƙira, tana da samfurin gaɓa ɗaya da ake ɗaurawa a gwiwa. Ana manna wasu 'yan faifai a fatar cinya, su ɗauki ɗan siginar lantarkin da jijiya ke aika wa tsoka, sai injin ya ƙarasa motsin da mutum ya yi niyya. Ta kamfanin Honda kuwa a ƙugu take zama, nauyinta bai kai kilo 3 ba, aikinta jefa cinya gaba da daidaita tsawon taku. Kada a rikita su da injin da ake ɗora ƙafa a kai mutum yana kwance, yana lanƙwasa ta yana miƙewa. Wancan ba ya koyar da tafiya.

Ba a farawa sai likitan da ya yi aikin ya amince, kuma a hannun likitan fisiyo ake yi, wato mai dawo da motsin jiki ta hanyar atisaye. Ana cire ɗinki yawanci tsakanin kwana 10 zuwa 14, kuma maɗauri bai kamata ya hau kan tabon ba ko da ya kame. A dakata idan rauni na tsatstsafar da ruwa, ko akwai gudan jini a jijiyar ƙafa, ko hawan jini bai daidaita ba, ko ƙashi ya yi rauni ƙwarai. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya faɗa tun da wuri. Kowace na'ura kuma tana da iyakar tsawo da nauyin wanda za ta ɗauka.

Wurin ɗaurawa aka fi yin kuskure. Majiyyaci ya zauna a kujera mai tauri, sanye da gajeren wando ko wanda ya kama jiki, domin zani da doguwar riga suna shiga gaɓar injin. A laluba ƙullutun ƙashin da ke gefen gwiwa ta waje, kusan daidai da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, a sa tsakiyar gaɓar na'urar a kansa. Gwiwa ba ta juyawa kamar fatar ƙofa, tana mirginawa tana zamewa a lokaci guda. Saboda haka ko kuskuren yatsa ɗaya aka yi, na'urar za ta riƙa sauka ƙasa da kowane taku, tana jan fata, tana tura ƙwauri inda bai dace ba. A ɗaure maɗaurin cinya da na ƙwauri yadda yatsa biyu za su shiga ƙarƙashi. Akwai wata jijiya da ke zagaye kan ƙaramin ƙashi a gefen waje, ƙasa kaɗan da gwiwa. Idan maɗauri ya danne ta, saman ƙafa zai daina jin taɓawa ko ya riƙa tsikari, wani lokaci har yatsu su ƙi ɗagawa. Da an ji haka a kwance nan take.

Faifan manne suna son fata mai tsabta, busasshiya. Basilin da man kaɗanya da muke shafawa da hunturu suna toshe siginar, gumin watan Afrilu kuma yana ɓamɓare faifan. A goge wurin da audugar sifirit, a aske gashi idan yana da yawa, a yi atisayen da safe kafin rana ta ɗaga.

Sannan a sa wa injin iyaka. Likitan fisiyo zai auna inda gwiwa ke kaiwa a ranar, ya saita na'urar kada ta wuce nan. Tafiya a fili tana buƙatar lanƙwasa kusan digiri 60, tashi daga kujera kusan 90, abin da ake nema cikin wata 3 kuma shi ne 110 zuwa 120 tare da miƙewa sarai.

Daga zaune ake farawa: miƙe gwiwa sau goma, a huta, har zubi biyar. Bayan nan tsayuwa da sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, sai tafiya tsakanin ƙarafa biyu na dafawa ko da madogara mai ƙafa huɗu, mai kula yana tsaye a gefen ƙafar da aka yi wa aiki. Dunduniya ce za ta fara taɓa ƙasa, gwiwa a miƙe, ido a gaba. Minti 20 zuwa 30 ya wadatar. Daɓen siminti ake so, a naɗe tabarma da darduma, a guji yashin tsakar gida.

Babban haɗarin na'urar shi ne daɗinta. Idan an bar taimakon a sama, mutum zai yi tafiya mai kyau a ido alhali tsokarsa tana barci. Dole a riƙa rage taimakon kaɗan-kaɗan da zarar ya iya takawa gwiwa ba ta lotsawa. Gwajin gaskiya kuma ba tare da na'urar ake yin sa ba: sau ɗaya a mako ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, a rubuta daƙiƙoƙin. In ba sa raguwa, a sake duba tsarin.

Bayan an kwance a duba fata. Jan da bai baje cikin minti 20 ba alama ce maɗauri ya matsa, mai ciwon suga kuwa yana iya gurjewa bai ji ba. A naɗe ƙanƙarar fiya-wata a tawul a ɗora minti 15, a ɗaga ƙafa, matashi a ƙarƙashin dunduniya. Sa shi ƙarƙashin gwiwa yana sa ta kame a lanƙwashe. Kada a kai ta wurin mai ɗori ya murza. Salla a kan kujera za a yi, a kuma nemi masai na zama, domin sujada da zaman tahiya da tsuguno suna neman lanƙwasar da sabuwar gwiwa ba ta kai ba tukuna.

Batirin ba ya son zafi, kada a bar shi cikin mota da rana, a kuma yi caji ta sitabilaiza saboda wutarmu mai hawa da sauka.

Na'urorin nan suna da tsada, kuma yawancin binciken da aka yi a kansu bayan canjin gwiwa a kan mutane ƙalilan ne. Wanda bai samu ba ya riƙe atisayen sashen fisiyo da muhimmanci, kamar na asibitin gwamnatin tarayya da ke Gusau, shi ne ginshiƙin warkewar. Da na'ura ko babu, idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko tabo ya fara mugunya, a je asibiti a ranar. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa ba ya jiran wayewar gari.