Yadda na hana amalanke kauce wa layi a Dwarf Fortress

Amalanken ƙarfe na wasan kwamfuta na Dwarf Fortress yana gangarowa daga ma'adana, ya zo kwana ya tashi sama, duwatsu su watse, har ya buge wadanni, wato ma'aikatan cikin wasan. Na sake sassaƙa layin, banza. Na sa birki mafi ƙarfi kafin kwanar, sai ya tsaya cak.

Ashe gudun da ya haura 50,000 a ma'aunin wasan ne ke fitar da shi a kwana. Na gina bango a wajen kwanar, daidai inda yake fita, sai ya riƙa juyawa lafiya. Bayan kwanar na kafa rola, wato na'urar da ke tura amalanke a kan layi, na haɗa ta da injin iska ta sandar juyi, na saita gudunta mafi girma. Yanzu kaya na isa maƙera da sauri. Na gode wa ƙanena na fadarmu a Tahoua da ya nuna mini bangon.