Ga ƴan Maradi da suka sayi tsohuwar moto a Turai

Ƴan'uwa, in moton ta daɗe a ajiye, kada a yi gaggawar tayar da ita. A fara zubar da tsohon isansi, don shi ne ke daskarewa ya toshe karburato, a leƙa tanki da tocila ko akwai tsatsa. A sake man inji, filta da buji. Batiri mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki ya haura 13.5 zuwa 14.5.

Taya kuwa, kada zanenta ya ruɗe ku. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Ta haura shekara 6, a canza, robar ta bushe. Man birki duk shekara 2, don yana shan danshi.

Kafin kwance komai, a ɗauki hoto da waya. Ƙusoshi sun fi kama da juna in sun zube ƙasa.

Batun yanke firam, wato ƙashin jikin moton, don a sauya mata siffa kuma, Turai ba garejin gida ba ne. A Faransa tun Afrilu 2024 ana duba lafiyar motoci masu ƙafa biyu, kuma inshora na iya ƙin biya in moton ta saɓa wa takardarta. A tsaya ga sirdi, fenti da akwatunan kaya.