Darasi Na Tara: Sirrinka Yana Cikin Wayarka

A da, in mutum yana da sirri, cikin akwati yake sa shi ya datse da kwaɗo. Yanzu sirrin yana aljihu, a cikin waya: hotunan iyali, saƙon banki, lambobin 'yan uwa da na abokan ciniki.

Ka san lambobi biyu sosai. Ta farko ita ce NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa da hukumar NIMC ke bayarwa. Ta biyu ita ce BVN ta banki, wadda aka fara a 2014. Kowacce tana da alƙaluma 11. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da NIN. Saboda haka duk layin da aka yi wa rajista da sunanka, in aka yi ɓarna da shi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Kada kunya ta sa ka yi wa baƙo rajistar layi da lambarka.

Wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari zai kai wayarsa gyara kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Tun daga gida ya cire layinsa da katin ajiya, ya sa a aljihun gaba. Mai gyara ya ce, “Baba, ba ni lambar buɗe wayar.” Ya ce, “A'a ɗana, in ka gama ka kira ni in buɗe da hannuna.” Bai zargi yaron da komai ba, kuma yaron bai ji haushi ba. Haka ya kamata. A wajen mai POS ma, kai za ka danna lambar sirrinka, ka kāre da tafin hannu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kwafin takardar NIN da mutane ke barin ta a shagon hoto, ta yi ta yawo, wata rana ka ga an naɗe ƙosai da ita.

To, me doka ta ce? Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kāre sirrin ɗan ƙasa: gidansa, wasiƙunsa da maganarsa a waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kāre Bayanan Jama'a, aka kafa hukumar NDPC ta kula da ita. A ƙarƙashin dokar, in banki ko asibiti ko kamfani ya riƙe bayananka, kana da damar tambaya, “Me kuka ajiye a kaina, kuma don me?” Kana iya sa a gyara kuskure, kana iya janye amincewarka. In aka sace bayanan mutane a hannunsu ta yadda zai iya cutarwa, dole su sanar da hukumar cikin awa 72. Manhajar bashi da ke kwashe lambobin wayarka ta aika wa surukanka saƙon cin mutunci ta taka wannan doka, kuma kana iya kai ƙara.

Gwamnati fa, tana iya sauraron wayarka? Tana iyawa, amma da sharaɗi. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 ta ce sai jami'an tsaro sun samo izini daga alƙali. In rai na cikin haɗari ko tsaron ƙasa, suna iya farawa, sannan su nemi izinin cikin awa 48. Tsaro abu ne mai kyau, duk muna son mu kwana lafiya, amma sharaɗin alƙalin nan ba ado ba ne.

Aiki: Rubuta NIN, BVN da kalmar “sirri” sau uku a littafinka. Kada ka rubuta lambarka ta gaskiya. Sannan ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama mai kira yana cewa, “Daga banki ne, karanto min lambar da ta shigo wayarka ta saƙo yanzu.” Ɗayan ya amsa, “Zan zo bankin da ƙafata,” ya kashe waya. Sai ku yi musanya.