Yadda Za Ki Duhunta Ɗakin Yaro Don Ya Samu Barci

Haske na hana ƙwaƙwalwa sakin melatonin, sinadarin da ke jawo barci. Shi ya sa yaro kan farka da sassafe ko ya ƙi barcin rana.

1. Da tsakar rana ki shiga ɗakin, ki rufe ƙofa, ki kashe fitila. Dakata minti 2 idonki ya saba, sannan ki duba inda haske ke shigowa.

2. Auna tagar, ki nemi labule mai kauri wanda haske ba ya ratsawa. Ya zarce tagar da kamar santimita 15 ta kowane ɓangare, domin ta gefe haske ya fi kutsowa. Nan mutane da yawa ke kuskure.

3. In babu labulen, yanka kwali daidai gilashin ki manna da salatif.

4. Naɗe tawul ki toshe ƙasan ƙofa.

5. Ɗaure igiyar labule can sama, ki janye gadonsa daga jikin taga. Don Allah kada ki yi sakaci da wannan, igiya na iya shaƙe yaro. Ki kuma bar wa iska hanya, kada ɗakin ya yi zafi.

In ya tashi da safe, ɗage labulen gaba ɗaya, hasken ne ke daidaita masa lokacin barci.